Ɗigon Aidin da Wuyan Yayata

Da muna yara a 'Yankuzo, ba a lissafa maƙoƙo cikin cututtuka. Mace za ta tashi da kumburi a wuya, a ce gado ne, ta ci gaba da daka da surfe. Gishirinmu na dunƙule ne da ake sayowa a kasuwar Tsafe. Yanzu gishirin leda ake ci, mai sinadarin aidin a ciki, kuma da wuya ka ga budurwa da maƙoƙo. Waɗanda suka rage tsofaffi ne, su ma hijabi ya rufe.

Aiki ya kai ni Bur Sudan da Jidda da Mombasa. A bakin teku na lura ban taɓa ganin mai maƙoƙo ba, har na tambayi wani likita da Larabci, ya ce kifin teku ne ke ba su aidin. Na riƙe wannan a matsayin labarin da ake ba baƙi a falo.

Da na ajiye aiki na zauna a Gusau, sai kewar teku ta sa na kafa tankin gilashi na kiwon halittun teku. Gishirinsa na musamman ne, daga Legas ake aiko mini. Na zuba jatan lande guda huɗu, jajaye masu farin zane a baya. Su waɗannan saɓa suke yi kamar maciji, su fita daga tsohon ɓawo su bar shi fanko. Masu kiwonsu sun ce in aidin ya yi ƙaranci a ruwa, saɓar takan maƙale, dabbar ta mutu a cikin rigarta. Don haka duk Juma'a nakan gwada ruwan, in ɗiga musu ɗigo biyu. Ban taɓa tsallake mako ba.

Wata Juma'a yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta biyo ta gidana za ta suna Bungudu. Ta same ni tsaye da 'yar kwalba a hannu.

"Auta, mi kake ba ƙwarin ga?" in ji ta. "Ko su ma hawan jini gare su?"

Na yi dariya na shiga bayani, har da nuna mata wani ɓawo da ɗaya ya tuɓe da safe.

"To wa ka cin su?"

"Ba a ci, Yaya. Kallo ake yi."

"Ikon Allah! Ka yi yawon duniya ka komo kiwon fara cikin ruwa. Mi sunan maganin?"

"Aidin."

Ta ce, "Shi ne wata malamar asibiti ta ce na rasa, tun ina goyon na ukku. Ashe har ƙwari ana ba."

Ba da gori ta faɗa ba. Mamaki take yi tsakani da Allah. Zafi ya sa ta ɗage hijabinta, a ranar na dubi wuyanta da idon babba. Kumburin ya kai ƙoƙon shan fura, ya karkata gefe. Sai a lokacin kunnena ya kama ƙarar da numfashinta ke yi, wadda shekara da shekaru nake ɗauka ta tsufa ce.

A wurinmu ƙane ba ya ƙura wa yayarsa ido. Nakan durƙusa in gaishe ta kaina a ƙasa, in ajiye atamfa da shinkafa, in tashi. Da wannan ladabin na fake. Na san sunan ciwon da harsuna uku, na san abin da ke kawo shi, ban taɓa cewa ta zo mu ga likita ba.

Na ce ta fasa zuwa sunan. Ta ce, "Kai dai ji da ƙwarinka." Sai da matata ta sa baki ta yarda ta kwana biyu mu je asibiti.

Likitan da ya duba ta ya ce ɗigo ko gishiri ba za su yi komai ba yanzu, abin ya gangara ƙirji yana danne maƙogwaro, sai tiyata. Ya juyo ya tambaye ni tun yaushe take da shi. Na ce na jima ba na ƙasar. Yaya ta dube ni, ba ta tona ni ba, alhali shekarata shida ke nan a Gusau.

An yi aikin, numfashi ya buɗe. Amma kumburin ya riga ya taɓa jijiyar murya, kuma likitan ya ce da an zo da wuri da ba a kai ga haka ba. Ita ce mai rangaɗa guɗa a duk bikin danginmu. Tun daga ranar muryarta ba ta wuce raɗa, sai ka matso kusa kake jin abin da take cewa.