Sharon da Muka Yi a Gindin Maɗaci

Bara da damina wani Baturen makaranta ya zo rangadi elementarenmu ta Birnin Gwari. Dogo ne, in ya miƙe a aji sai hularsa ta taɓa jinka. Ya yi ta magana ta hanci, hedimasta yana fassara mana. Abu guda na tsinta: wai a ƙasarsu 'yan makaranta sukan kafa ƙungiya su zaɓi shugaba. Kafin motarsa ta fita daga taɓon bakin kasuwa na kafa tawa, na kuma zaɓi kaina.

Na sa mata suna Ƙungiyar Jarumai. Mu bakwai ne. Mataimakina ɗan mahauci ne, na ba shi muƙamin don kullum aljihunsa da kilishi. Aikinmu cin abincin rana tare a gindin maɗaci, ran Jumma'a kuma mu shiga bakin daji neman kaɗanya da harbin kurciya.

A ajinmu akwai wani ɗan Fulani daga wata ruga ta wajen Dogon Dawa. Ba da son ransa ya zo ba, hakimi ne ya ce kowane arɗo ya kawo yaro ɗaya boko. Wata uku ba wanda ya zauna kusa da shi. Mukan ce man shanu ya yi masa yawa, ko ƙuda ya sauka a kansa sai ya zame. A bayan aji yake cin abincinsa, shi kaɗai, fuska ga bango.

Wata Laraba sai ga shi a gindin maɗaci da ƙwaryarsa.

"Ina so in shiga," in ji shi.

"Shiga ina, ɗan ruga? Nan ba garke ba ne."

"Na san inda zuma take a dajin nan. Zan kai ku."

Mataimakina ya haɗiye yawu da ƙarfi. Na ga sauran sun fara yi masa irin kallon da ni kaɗai ake yi wa. Nan take na ƙirƙiro doka.

"Ba a shiga sai da jarrabawa. Ba ku ne masu sharo ba? Bulala uku, ba motsi."

Sau ɗaya na taɓa ganin sharo, a kasuwar Randagi, a kan wuyan kawuna. Farkonsa kawai na gani ruwa ya watsa taron. Ban san yana da ƙarshe ba.

Ɗan Fulanin ya tuɓe riga, ya ɗaga hannuwa sama. Ba mu da madubin da masu sharo suke riƙewa, sai ya riƙe murfin gwangwani. Na karyo tsumagiyar tsamiya, na ja da baya, na zuba masa. Na rantse sai da aka ji ƙarar can a garin Kazage. Shi kuwa haƙoransa yake dubawa a murfin. Ta biyu ta fasa fata. Ta uku har tsalle na yi, hannuna ya yi tsami, shi yana ta kirari da Fulatanci. Jarumaina suka kaure da tafi.

Sai ya miƙo hannu ya karɓi tsumagiyar.

"To Kaɗo, tuɓe."

"In tuɓe me?"

"Haka ake yi. Wanda ya daka, a dake shi. Uku."

Na dubi damtsensa, damtsen da yake kayar da bijimi. Ni kuwa ko ƙaya inna za ta cire mini, sai maƙwabta sun shigo tambayar wa ya rasu.

"Gaskiya ce, shugaba," in ji mataimakina, maci amana.

Na ce a ƙa'idar ƙungiya shugaba ba ya tuɓe riga ran Laraba, sai gobe. Ɗan Fulanin ya yi dariya, ran nan na fara ganin dariyarsa. Ya zauna cikinmu, jini yana bin bayansa, ya raba mana furarsa.

Washegari hedimasta bai gama shan kokonsa ba na yi sallama a ƙofar gidansa. Na ce ɗan Fulani ya kawo sharo makaranta, yana tilasta wa yara, in ba a yarda ba a duba bayansa. Jarumaina kuwa na bi su ɗaya ɗaya, na ce duk wanda ya buɗe baki, mu duka za mu sha.

Da aka yi layi, hedimasta ya sa aka ɗaga rigar ɗan Fulanin.

"Wa ya yi maka wannan?"

Ya dube ni. Ni kuma na dubi tuta, kamar ban taɓa ganin tuta ba. A wajensu wanda ya tsaya sharo ba ya kai ƙara. Hedimasta ya ƙara masa shida a kan ukun nan. Ko gezau.

Da rana ya zo gindin maɗaci, yana tafiya a hankali.

"Ƙungiya ba ta karɓar wanda aka yi wa bulala a gaban makaranta," na ce. "Doka ce."

"Tun yaushe?"

"Tun da safe."

Ya dubi jarumaina, kowa ya sa kai cikin kwano. Ya ajiye wani ƙunshin ganye a gabanmu, ya koma bayan aji. Muka buɗe, ashe saƙar zuma ce, tun jiya da yamma ya shiga daji ya ɗebo mana. Muka shanye. Ni na ɗauki babban yanki, ai ni ne shugaba.

Bayan mako guda aka neme shi aka rasa. 'Yan doka suka je rugar, suka tarar da turaku da kashin shanu, mutanen sun yi cikin daji. A ranar na sami tsumagiyar tsamiyar nan a kwance a wurin zamana, an goge ta tas, har an shafa mata man shanu.

Ƙungiya tana nan, mun kai goma sha ɗaya. Sai dai in muna bakin daji na hango garke ya ɓullo, nan da nan nakan tuna inna ta aike ni.