Fir'aunar da Ta Ɗaura Gemu

Lokacin sanyi ne, kuma shekarar ta yi mini tsawo a Villeurbanne ta ƙasar Faransa, rana tana faɗuwa tun ban gama la'asar ba. Ina gyaran gadon 'yata na tarar da wani ɗan kati mai hoton mutum da dogon gemu kamar taɓarya. Na zauna a bakin gadon, sai ga ni a gidanmu na Damagaram.

Ka san mu Fir'auna ɗaya muka sani, na zamanin Annabi Musa. In aka ambace shi, kakata takan tofar da yawu gefe ta ce, "Tir!" Da kaka ne, tsakar gida duk ƙanshin sabon gero, yayana ya dawo daga lekol, makarantar boko, ya ce mushe, malaminsu, ya gaya musu fir'aunoni suna da yawa, gida bayan gida suka yi sarauta, har da wata mace da ta ɗaura gemun ƙarya ta hau gado.

Kakanmu ya jawo shi kan buzunsa, inda ba a taɓa zaunar da yaro ba, ya ba shi dabino. Ni ina tsaye da tulu. Na ce, "To in za ta ba ɗanta nono, cire gemun take yi?"

Aka fashe da dariya. Kakata ta ce, "Ke, randa ba ruwa."

Na tafi rijiya ina jin muryar yayana a bayana. Ban taɓa yafe wa buzun nan ba.

Sai da na haihu na shiga yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi a hankali. Yau 'yata tarihin Masar take karantawa a jami'a, kuma wanda take kira ta ba shi labari kawunta ne, yayan nan nawa, da ke zaune a Saint-Denis, kusa da Paris. Su yi ta Faransanci a waya suna dariya, ni ina yanka albasa. Ni na goya ta, amma shi take kai wa abin da ya fi mata daɗi.

Da yamma ta ce gobe za ta Paris, kawu zai kai ta babban gidan tarihi su ga sarakunan.

Na ce, "Ni fa?"

"Haba Mama, za ki gaji. Kuma gumaka ne, za ki yi ta tir."

Yaran yanzu ba sa korar mutum zuwa rijiya, tausayinsa suke ji, kuma zafin ɗaya ne.

Da safe ta fito ta tarar da ni a bakin ƙofa, na ɗora rigar sanyi kan atamfata, da kwanon dambu a jaka.

"Mama, ina zuwa?"

Na ce, "Saya mini tiken jirgi. Akwai tambayar da na yi tun ina yarinya, ba a amsa mini ba. Ke nake so ki amsa, ba kawunki ba."