Kofin Shayin Kawu Jibo

Kawuna Jibo bakanike ne a Gaya, yana da rumfar kwano a kan hanyar gada. A ƙauyen Bana aka haife shi. Da facin keke ya fara, ya koma injin ban ruwa na masu shinkafa, daga nan injin jirgin masunta. Shekara talatin yana kan magana ɗaya: duk injin da ya fito daga masana'anta, masu ƙera shi sun ɓoye rabin ƙarfinsa don tsoro, kuma aikin bakanike shi ne ya tono shi.

Ba shi da na'urar auna gudun inji. Ƙaramin kofin shayi yake ɗorawa a kai, ya yi ta ƙara wuta. In kofin ya fara tafiya da kansa, inji na jin daɗi. In ya kai baki zai faɗi, nan ne iyaka.

Na dawo daga jami'a da diplom na kanikanci, ba aiki, sai zaman benci a rumfarsa. Watan jiya ya sa ido a kan injin niƙan matarsa Hasiya, mai piston ɗaya, wanda ya shekara tara yana niƙa wa unguwa gero da masara ko tari bai taɓa yi ba. Kawu ya ce tafiyar tsofaffi yake yi, zai cire abin da ke taƙaita gudunsa. Hasiya ta ƙi har kwana uku. A na huɗu ta yarda, amma ta kafa sharaɗi a gaban maƙwabta: in injin ya lalace, hatsin unguwa duka shi zai daka a turmi har a sami wani. Ta dube ni, ta ce har da mai karatun da ke ɗaure masa gindi.

Ni ban ɗaure wa kowa gindi ba. Takarda biyu na cika da lissafi, na nuna masa cewa gangar jikin injin zubin ƙarfe ce, ba za ta jure fiye da juyi dubu uku a minti ba.

Ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ya ce, "To Mushe, juyi dubu ukun nan, a tafiyar kofi ina ke nan?"

Ba a koya mana wannan ba. Mutane kuma na kallona. Na ce in kofin ya kai baki, a tsaya.

Ranar gwaji da hantsi, Dodo mai shayi ya kawo kofin cike fal, sukari kamar zuma. Da aka ɗora shi, kaɗan ya zube a kan ƙarfen da ya riga ya yi zafi. Babu wanda ya damu.

Kawu ya ƙara wuta. Injin ya bar muryarsa ta kullum, ya koma kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Awaki suka watse. Benci ya fara tafiya da ni a kai. Kofin kuwa ko motsi. Na roƙe shi ya tsaya, ya nuna mini kofin da baki.

"Ka gani, ɗan ƙanwata? Ko gumi bai fara ba."

Ya ƙara. Sai ƙara ɗaya. Biyel, sandar da ke tura piston, ta fasa gefen injin, ta huda rufin rumfa, ta sauka a garwashin Dodo. Allah Ya kiyaye, ba ta taɓa kowa ba. Da hayaƙi ya lafa, ga rami a jikin injin wanda dunƙulen hannu zai shiga, ga kofi a tsaye inda aka ajiye shi. Sukarin da ya zube ne ya ƙone ya manne shi. Da turnabis, wato sukundireba, aka ɓamɓare shi.

Yau kwananmu goma sha tara muna daka. Matan unguwa na kawo hatsi, su kawo tabarma, su zauna suna gyara mana riƙon taɓarya. Tafin hannuna duk bororo. In babur ya yi tari a titi, sai in ga kaina a bayan randa.

Kawu ya ce lissafina ba laifi, injin ma ba laifi, shayin ne, kuma nan gaba ba sukari. Jiya na same shi ya ciro guntun ƙarfe daga aljihu yana jinjina taɓarya, yana cewa masassaƙin ya ɓoye rabin nauyinta, in aka ɗaura mata ƙarfe za mu gama kafin azahar. Hasiya ba ta ɗago daga tankaɗe ba, ta ce, "Malam, turmin kakata ne."

Ya mayar da ƙarfen aljihu. Kofin dai yana nan a gefen turmi.