Jan Iri a Wuyan Kazar Inna

Shekarun baya, lokacin ina saurayi ina ji da kaina a kan noman zamani, mahaifiyata tana da wata kaza wake-wake mai gajerun ƙafafu. Jikar jikar wadda kakata ta ba ta ce, ranar da aka kawo ta aure Malanville daga Madécali, don haka Inna ba ta haɗa ta da komai. Fitinanniya ce kuwa ta ƙarshe. Zana ce kawai tsakaninmu da maƙwabciyarmu, kullum sai ta tsallaka ta tone mata shanyar gabu, busasshen ganyen albasar da take kaiwa kasuwa.

Maƙwabciyar nan tsohuwa ce 'yar Dendi, mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa. Iya nake ce mata, Inna kuma tana ce mata Yaya. Ita ta karɓi haihuwata. Duk abin da aka dafa a gida ɗaya sai kwano ya tsallaka zana zuwa ɗayan, ko da lomar tuwo ce. Wata safiya kazar ta sake yi mata ɓarna, Iya ta leƙo tana haki ta ce, "Wallahi kazar ga taki, wata rana sai na yi maganinta!" Inna ta ce, "Yi haƙuri Yaya, ɗiyarki ce." Suka yi dariya, aka wuce wurin.

A satin ne abokina ya kawo min irin masara daga Guéné, wanda aka shafe da jan magani don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Ya ja min kunne sosai, ya ce in nisanta shi da bisashe. Wajen saukewa daga moto, wato babur, ledar irin ta huje, kamar cikin tafi biyu ya zube a bayan rumbu. Ni da nake kiran kaina manomin zamani, ƙyuyar sunkuyawa ta hana ni tsincewa. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe, na manta da zancen.

Kwana biyu bayan haka muka tashi muka ga kazar a bakin akurki, fukafukai a sake, yawu na zuba daga bakinta, jiki na rawa. In ta yunƙura sai ta kife. Inna ta ɗauke ta ta ɗora a cinya. Ta buɗa gashinta ko ƙuma ce, babu. Ta latsa cikinta ko ƙwai ne ya maƙale, babu. Muka duba ƙafafu da ƙirji ko maciji ya sare ta, ko ƙwarzane ba mu gani ba. Aka ɗura mata jiƙon ɓawon maɗaci, aka ɗura ruwan barkono, har kafso na fasa mata a ruwa, ina ta bayani kamar wani likitan dabbobi. Na ce ai ciwon kaji ne.

Inna ta girgiza kai. "Ciwon kaji ba ya ɗaukar guda. Dubi sauran, suna ta kiwo. Wannan wani abu ta ci."

Da ta faɗi haka sai na ga idonta ya tafi kan zana, ya tsaya a can.

Kafin azahar kazar ta fara miƙe wuya. Inna ta miƙo min wuƙa ta ce in yanka kada ta zama mushe, ita ta shige ɗaki, ba za ta iya kallo ba. Na yanka, na fige, na tsaga. A jakar wuyanta, inda tsaba ke taruwa, na tarar da ƙwayoyin masara jajaye, ko narkewa ba su yi ba. Innalillahi! Na waiga, ba kowa. Na dunƙule su a hannu na jefa cikin masai.

Ba zan bari a ci naman ba, wannan kam dole. Na je bakin ƙofa na ce, "Inna, kada a dafa ta. Guba ta ci."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Nan ne wurin da ya kamata in ƙarasa maganar. Tsoron faɗanta da kunyar abin da na yi suka riƙe min harshe. Ta ce, "Dama na sani," ta ja mayafi ta fita. Ina tsugune ina gina ramin da zan binne kazar, ina jin komai ta zana.

"Yaya, mi na yi miki? Kin ce za ki yi maganinta, to kin yi."

Iya ta yi ta rantsuwa, da Hausa, da Dendi. Ta ce, "Ni? Shekara nawa muna tare?" Sai ta kira ni: "Ɗana, kai ka buɗe ta, gaya ma uwarka mi ka gani." Na ci gaba da gina rami kamar ban ji ba.

Da maraice Iya ta miƙo kwanon miyar kifi ta saman zana kamar kullum. Inna ta mayar mata da shi a rufe. Daga ranar kwano bai sake tsallakawa ba. Zance ya zaga kartiye, unguwa duka, mata suka fara kore kajinsu daga ƙofar Iya. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, bari Inna ta huce. Damina ta wuce, masarata ta yi kyau, na kasa cin ko gasasshiya ɗaya. Bayan girbi ɗiyar Iya ta zo daga Gaya ta tafi da ita, wai zaman kaɗaici ya yi mata yawa. Ba su yi sallama da Inna ba. Wata huɗu sai ga saƙon rasuwarta.

Ranar da muka dawo daga gaisuwa na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai, tun daga ledar da ta huje. Na so ta zage ni, ko ta mare ni. Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "Ita ta yanke maka cibiya."

Inna ta yafe min daga baya, ta faɗa da bakinta, kuma na san har zuciya ne. Ta rabar da sauran kajin, ba ta sake kiwo ba. Abin da ya zauna min shi ne, ko kalma ɗaya ta ƙarya ban yi ba ranar nan. Guba ta ci, gaskiya ne. Rabin da na haɗiye ne ya kai tsohuwa kabari da sunan mai kashe kazar maƙwabta. Yanzu in na yi ɓarna, tun da zafinta nake faɗa, a yi min faɗan a gama. Amma wadda ya kamata in roƙa ba ta nan. Har yau in na shiga gidanmu na kalli zanar nan, ina jin ta tana cewa, "Ɗana, gaya ma uwarka mi ka gani."