Kwana goma sha ɗaya na Baba Wada

Duk wanda ya zauna a unguwar Jarwal ta Makka kafin a kawo famfo ya san Baba Wada ɗan garuwa. Maƙwabcinmu ne, mutumin ƙasar Katsina, mai kanta a kafaɗa saboda sandar garwa. A ƙafa ya zo Makka, shekara tara yana hanya. Ba shi da yawan magana, har yara ke ce masa kurma. Amma ka tambaye shi rijiyoyin hanya, sai ka gaji ka gudu ka bar shi.

Da matarsa ya baro gida, Shatu. Da jaririya kaɗai ya iso, Ramlatu. Shatu tana kwance a kabarinta a kan hanya, tsakanin Abashe da Fashir, a gindin wani dutse da babu mai zama kusa da shi. Abin da ke cin ransa ke nan: in ya mutu, babu sauran wanda ya san wurin.

Hajjin da ya biyo bayan yaƙin duniya, sai ga wani akawu daga Khartum, Abdulganiyyu. Wata ƙungiyar masana ta Turawa ce ta aiko shi. Su aikinsu tara tarihin ƙasashe da zana taswira, ga shi ba su da damar shiga Makka, sai suka ce ya tambayo mahajjatan ƙafa tsohuwar hanya. Mutane suka yi ta kauce masa. Wa zai ba Nasara sunan garinsu? Baba Wada kuwa ajiye garwa ya yi, mako guda bai ɗebo wa kowa ruwa ba, mu ma muka sha ƙishi.

Ya lissafa masa rijiya bayan rijiya, mai zartsi da mai daɗi, da kwanakin da ke tsakani. Sharaɗinsa ɗaya.

"Ɗana, ka sa mini dutsen nan a takardar. Ramlatu za ta koma gida wata rana, ta tsaya ta yi wa uwarta addu'a."

"Ɗayyib, na ji, Baba, in sha Allahu."

Shekara biyu Baba Wada yana jira, idonsa na ƙara hazo. Da Abdulganiyyu ya dawo, ya shimfiɗa taswirar a kan tabarmarmu. Ni na riƙe gefe ɗaya. Baba Wada ya ce a ɗora masa yatsa a kan dutsen. Akawu ya yi ta gyaran hula.

"Baba, sun karɓi duk abin da ka faɗa, sai wannan yanki. Ka ce daga rijiyar Ardeba zuwa ta gaba kwana goma sha ɗaya ne. Mutum bakwai sun ce kwana uku. Suka ce ka manta, sai suka cire shi, har da dutsen."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mutane suna zaune a inuwa suna gyara wa mai tafiya tafiyarsa.

Baba Wada ya daɗe yana shafa takardar.

"Ban manta ba, ɗana. Su bakwai ɗin su kaɗai suka bi. Ni goye nake da Shatu, jaririya a ƙirji. In na yi taku ɗari sai ta ce in sauke ta ta huta."

Bai kai hajjin gaba ba, Allah ya karɓi ransa. Ramlatu ta koma gida a babbar mota. Ta aiko mana cewa duwatsun wurin duk kamarsu ɗaya.