Iya Zula Mai Man Ido ta Unguwar Hara

"Ba zan raba su ba," in ji Zula Fadlun. "In kana so a ɓamɓare yaro daga jikin uwarsa, zo ka yi da hannunka."

Jami'in ƙaura ya ce doka ce. Yaron da ke da amosanin ido ba zai shiga jirgin ruwa mai zuwa birnin Haifa ba. Iyaye su tafi, a turo shi in ya warke.

"Ranka ya daɗe, mutanen nan daga sansanin tsare mutane na Jado suka fito. Waccan matar ta binne 'ya'ya uku a can. Na huɗun kake so ta bari a Tarabulus?"

"Ke likita ce?"

"Mai wanke wa likita kwano ce. Ba ni man ido, ka ba ni lokaci."

Tun daga ranar, kafin masu gashi su fito da burodi, Zula ta riƙa shiga lungunan Hara da gwangwaninta na man ido. Ta matse yaro tsakanin gwiwoyi, ta juya fatar ido, ta goge, ta shafa.

"Iya Zula, zafi!"

"Zafin ne zai kai ka Haifa, ɗan nema. Buɗe!"

Dattawan majami'ar Yahudawa suka yi ƙorafin tana aiki ran Asabar, ranar hutunsu. Ta ce su kawo mata idon da ke hutun Asabar, ita ma ta huta. Shayi mai gyaɗa ma a tsaye take sha.

Iya Zula, ke ce kika sa muka hau jirgi riƙe da hannun iyayenmu. Da idon da kika goge muka yi karatun da aka ce 'ya'yan Hara ba za su iya ba. Yau kin ajiye aiki a asibitin unguwa ba kiɗa ba taro. Mun gode, uwar marasa gata. Duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane, ya tsaya irin tsayuwarki.

Amma ya san abin da tsayuwar ta jawo wa Zula. Da layin gidansu ya zo, Zula ta raka mahaifiyarta bakin jirgi, ta ce, "Yi gaba, Inna, sauran yara kaɗan." Ta koma Hara. Kafin ta gama da yaran, ciwon ya cinye mata idon hagu. Da ta sauka Haifa, kabarin tsohuwar aka nuna mata.