Abla Sausan da Murfin Gora

A unguwarsu ta Mansura, ba wanda ya manta ranar da Abla Sausan, wato Malama Sausan, ta koya wa farfesa buɗe gorar ruwa.

Ranar kare kundin digirinta na biyu ce, a Alkahira. Dangi sun cika zaure, ƙanwarta na zagayawa da farantin cakulan, mata sun gyara murya don guɗa. Doktor Abdul-Azim, babban mai jarrabawa, dattijo mai ji da kansa, ya ɗauki gora yana ta fama da murfi. Kafin Sausan ta ankara, ta taso cikin baƙar rigar jami'a, ta ɗora hannunta bisa nasa, suka murɗa tare.

"Yauwa, a hankali, ɗan albarka. Ka gani? Kai ka buɗe da kanka!" Har da tafi.

Zaure ya fashe da dariya. Dattijo ko murmushi.

Ba raini ba ne. Tun tana budurwa aikinta ke nan a wata ƙaramar cibiya ta masu jinkirin fahimta: riƙe cokali, saka maɓalli, buɗe murfi. Hannunta ba ya jiran shawararta. Karatun ma ba don neman suna ta shiga ba. An ce za a rufe cibiyar muddin shugabarta ba ta da babban digiri, ita ce kuwa shugabar, shi ya sa da furfurarta ta dinga bin jirgin ƙasa, gwiwa na ciwo, tana haddar sunayen masana.

Kwamiti ya ce a gyara kundi, a dawo baɗi. Dangi suka ce fushin dattijo ne. Ita ta ce babi na uku dama ɗingishi yake yi. Ko ma mene ne, wa'adi ya cika, aka garƙama wa cibiya kwaɗo.

Abin da ke cin ranta shi ne Hamada, ɗalibinta mai gemu, wanda kullum safiya sai ya zo da jakarsa ya ƙwanƙwasa ƙofar, ya tsaya jira. Takan zo ta zauna da shi a dakali, kundi a cinya. Kwanan nan ta lura maɓallan rigarsa sun fara komawa a karkace. Shekara da shekaru ta yi kafin su daidaita.

Ammu Girgis, baffan unguwa mai dafaffen wake, da ke tsallaken titi, ba ya barin ta ta huta.

"Barka da asuba, malamar farfesoshi! Tukunyata ta ƙi buɗuwa, ko za ki zo ki tafa min? Da kin zauna a kujerarki, da yanzu ƙofar nan a buɗe take."

Sausan ta gyara wa Hamada kwala, ba ta ko ɗago ba.

"Hannun dattijon nan rawa yake yi, Ammu. Kowa na kallo, ba wanda ya motsa. Baɗi ma in na ga yana rawa, wallahi sai na kama. Tafin ne dai zan bari."